Ina Ƙasar da Teku Ya Ci Take Tafiya?

Tambaya: Na ga hotunan bakin teku iri biyu. A wani wuri duwatsu ne tsaye kamar an yanke su da wuƙa, a wani kuma rairayi ne shimfiɗe iya ganin ido. Na kuma ji ana cewa teku yana cinye garuruwa. Mene ne ke kawo wannan bambanci, kuma ina ƙasar da ya ci take tafiya?

Amsa: Malam, ƙasar da teku ya ci ba ɓacewa take yi ba, ƙaura take yi, kuma wannan ƙaura ce ke haifar da kamannin biyu da ka gani.

Iska ce ke tayar da raƙuman ruwa, kuma gwargwadon nisan da ta yi tana kaɗawa a kan teku, gwargwadon ƙarfin da za su iso gaɓa da shi. Idan suka doki dutse, sukan matse iskar da ke cikin tsagoginsa, su kuma jefe shi da tsakuwar da suka kwaso, dare da rana ba hutawa. A hankali gindin dutsen yakan rarake, abin da ke sama ya rasa madogara ya rufto. Inda dutse ya miƙa kai cikin ruwa, tsaga takan zama kogo, kogon ya huje ya koma kamar ƙofar gari, daga bisani rufin ya faɗi. Irin wannan ƙofa ce ta rushe a tsibirin Gozo na ƙasar Malta cikin guguwa a watan Maris na 2017.

Dutse mai tauri yakan jure shekaru aru-aru, amma yumɓu ba ya da wannan juriya. Gaɓar Holderness da ke gabashin Ingila, wadda yumɓu ce gauraye da tsakuwa, tana ja da baya kusan mita 2 a kowace shekara, kuma ƙauyuka fiye da 20 sun riga sun nutse a can.

Don ka gane inda abin ke zuwa, ƙaddara kana tsaye a bakin ruwa ka zuba wa tsakuwa guda ido. Ruwa yakan zo a karkace ya tura ta sama a karkace, amma idan zai koma, sai ya jawo ta ƙasa a miƙe. Ta gusa taki ɗaya ke nan zuwa gefe. Haka rairayin gaɓa gaba ɗaya ke tafiya kamar kogi, har ya isa inda ruwa ya lafa ya zube. Wani ɓangare na abin da aka zaizaye daga Holderness yana gangarawa kudu, inda ya gina wani siririn harshen rairayi mai suna Spurn a bakin kogin Humber.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun ɗan Adam a cikin lamarin. A 1991 an jibge manyan duwatsu don kare ƙauyen Mappleton a wannan gaɓar. Ƙauyen ya tsira, amma rairayin da aka tare bai ƙara isa ga maƙwabtansa na kudu ba, sai zaizaya ta ƙaru a wurinsu. Na Masar ya fi haka girma. Dubban shekaru kogin Nilu yana kai laka Bahar Rum, yana gina ƙasar noma a bakinsa. Tun da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, lakar ta koma kwanciya a tafkin Nasser da ke bayan madatsar, alhali teku bai daina ɗiba ba. Shi ya sa gaɓar da ke kusa da garin Rashid, a bakin kogin, ta yi ta ja da baya, har sai da aka gina mata katangar duwatsu.