Bonet ɗin kabon ko na faiba? Amsoshin tambayoyin masu motocin gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da BMW 330i ƙirar E46, da ita nake fita wasan mota ƙarshen mako. Ina so in sauya mata bonet. Dillali ya turo mini hotuna biyu, ɗaya na faiba, ɗaya na kabon mai baƙar saƙar nan da ke ƙyalli. Kuɗin na kabon ya ninka na faiba har da ɗoriya, amma ya ce motar za ta ƙara gudu. Wanne zan ɗauka? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka tura wa dillalin nan ko sisi, ka ce ya kifa bonet ɗin kabon ɗin ya ɗauko maka hoton cikinsa. Hoton sama kowa ya iya ɗauka. Cikin ne zai faɗa maka abin da za ka biya wa kuɗi.

Dukansu biyu zare ne da ƙaro. Faiba zaren gilashi ne, a shimfiɗa shi cikin mazubi, a jiƙa shi da ƙaron da ake kira rezin, ya bushe ya yi tauri. Tsohon hannu ne a harkar mota, domin Chevrolet Corvette ta 1953 da shi aka yi mata jiki. Kabon ma haka ake haɗa shi, sai dai zarensa an gasa shi ne a wuta mai tsanani har ya koma kusan zallar kabon. Ya fi zaren gilashi rashin nauyi, kuma wajen ƙin lanƙwasa ya ninka shi kusan sau 3. Abin da ya sa ke nan McLaren ta ƙera gangar jikin motarta ta tseren Formula 1 da shi a 1981, sauran kamfanoni suka biyo sahu.

To ga inda gizo ke saƙar. Kabon ɗin kasuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake kira busasshe: zaren yana zuwa daga masana'anta da ƙaronsa daidai awo, a gasa shi a tanda mai matsin iska da zafin da ya haura digiri 100. Shi ne mara nauyin gaske, kana iya ɗaga shi da hannu ɗaya, kuɗinsa kuwa ba ninki biyu na faiba ba ne, ya wuce nan nesa. Sai jiƙaƙƙe, wanda ake shafa wa ƙaro da hannu. Yawancin bonet ɗin da ake tallatawa da sunan kabon a farashi mai sauƙi daga wannan gidan suka fito, kuma in ka duba da kyau faiba ne sanye da rigar kabon: shimfiɗa guda ta kabon a sama don ido, ƙashin cikin kuma faiba da aka fesa wa baƙin fenti. Nauyinsa da na faiba zalla kusan ɗanjuma ne da ɗanjummai. Farashin da dillalinka ya faɗa ya fi kama da na wannan.

Maganar gudu kuwa, mu yi lissafi. Motarka tana wajen kilo 1,500. Mu ɗauka sabon bonet ya rage mata kilo 10, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Litar fetur kusan giram 750 ce, ke nan kilo 10 ya yi daidai da lita 13 da ɗan wani abu. Ka taɓa jin motarka ta canza hali don tankinta ya ragu da lita 13? Ba na cewa babu amfani sam. Nauyin da aka cire daga gaba, daga sama, yana ɗan sa hancin mota ya fi saurin shiga kwana, kuma mai tsere da agogo a hannu zai ga bambancin. Amma kuɗin nan in ka zuba su a tayoyi masu kyau da birki, ranar farko za ka ji a sitiyari.

Tunda wasan mota kake yi, inda gogayya da karo ba baƙi ba ne, ni faiba zan ce ka ɗauka, a fesa masa kalar motar. In ya tsage, masu aikin faiba da ke gyaran bamba za su ɗinke shi, a goge, a yi fenti, ba wanda zai gane. Kabon in ya tsage ana iya liƙe shi, amma saƙar ba ta sake haɗuwa yadda take, tabon ya zauna ke nan sai dai a rufe shi da fenti, ka ga an dawo gidan jiya. Sai dai ka sani, faiba mai arha ba ya zama daram daga kwali. Za ka ga gefe ɗaya ya ɗaga, tazarar da ke tsakaninsa da fitila ba ta yi daidai ba, fuskarsa da 'yar igiyar ruwa. Ka sa kuɗin mai gyaran bodi cikin lissafinka, kuma a gwada shi a jikin motar kafin fenti ya taɓa shi.

Tambaya: Na sa wa Mustang ɗina ta 2015 bonet ɗin kabon bara. Yanzu ya fara komawa ruwan ɗorawa, wani wurin ma kamar fata na saɓulewa. Jabu aka sayar mini? Daga wani Alhaji a Abuja.

Amsa: Ranka ya daɗe, ba lallai jabu ba ne, rana ce. Zaren kabon kansa rana ba ta dame shi ba, ƙaron da ya riƙe shi da ruwan sheƙin da aka fesa a sama su ne take ci. Baƙin abu kuma ya fi zuƙar zafi, ga rana a sama, ga inji a ƙasa. Abin da zai ɗauki shekaru a Jamus ko Japan, rani ɗaya na Maris da Afrilu ya isa ya nuna shi a nan.

In abin bai wuce saman ba, da sauƙi. Mai fenti zai goge tsohon sheƙin da samfefa mai laushi, ya fesa sabo irin wanda suke kira 2K, mai kariya daga hasken rana. Ka ja masa kunne kada hannunsa ya kai ga zaren, don in ya ci saƙar ba ta dawowa. In kuwa ka ga fari-fari a ƙarƙashin sheƙin, ko wurin da ya kumbura kana dannawa yana motsi, to shimfiɗun sun fara rabuwa, fentin kala ne kawai zai rufa masa asiri. Bayan gyara a nema wa motar inuwa, kuma a mayar da bargon zafin nan da ke manne a cikin bonet na asali.

Ina fata dai ba ka rabu da na asalin ba. Bonet ɗin Mustang tun daga ƙirar 2005 na alminiyom ne, haka na BMW M3 E46, da Nissan 350Z, da Lancer Evolution. Masu irin waɗannan motoci sukan sayi jiƙaƙƙen kabon su tarar bai fi nasu rashin nauyi ba, wani lokaci ma ya fi shi nauyi. Duk mai shakka ya ɗora mayen ƙarfe a kan nasa. In bai kama ba, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Tambaya: Ni kwalliyar kawai nake so, ba ruwana da nauyi. Daga Zinder.

Amsa: Madalla da mai faɗin gaskiya. Ka sa sitika mai zanen kabon a kan bonet ɗinka na ƙarfe. Daga nesa ba mai bambancewa, in ta ƙone a ɓare a sa wata. Ka guji bonet mai manyan hudojin iska in ba tsere kake ba, don ruwan damina kan koyil mai ba filogi wuta da wayoyin inji yake sauka, ƙurar hunturu ma ta nan take shiga.

Tambaya: Malam, ɗana ya sauya murfin injin motarsa da wani mara nauyi, sai bakanike ya huda shi ya sa wasu sakatu biyu a gaba. Yaron na ta faɗa wai an ɓata masa kwalliya, yana so a cire. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, bakaniken nan ya yi wa ɗanki gata, kada ki bari a cire. A bonet na ƙarfe, ƙugiyar da ke kulle shi a jikin ƙarfe take. A na faiba ko kabon kuwa, a cikin faiba aka dasa ta, da gam ko 'yan ƙusoshi. Zafin inji da girgizar ramukan hanya suna sassauta ta a hankali, ba tare da wata alama ba. Su kansu masu ƙera irin wannan bonet, kamar Seibon na Amurka, suna cewa a sa sakatun.

Na taɓa ganin abin da idona a hanyar Zariya. Wata mota ta wuce mu da gudu, ba a yi nisa ba muka tarar da ita a gefen titi, bonet ya tashi ya mari gilashin gaba ya nannaɗe kan rufin. Direban, yaro ne matashi, yana zaune a ƙasa hannunsa na rawa, ya ce shi dai ya ji ƙara sai ya daina ganin hanya. Ƙugiyar tana nan kulle a mazauninta, da ɗan guntun faiba kamar tafin hannu maƙale a jikinta.

Ki sa shi ya duba abu biyu kuma. Sandunan gas da ke riƙe bonet in an buɗe, don nauyin ƙarfe aka yi su, suna iya bankare mara nauyi ko su tsaga shi ta wajen maratayi, gara a sauya su da masu laushi ko sandar hannu. Sannan kabon yana ɗaukar wutar lantarki, faiba ba ya ɗauka. In batirin motar a gaba yake, a tabbata kan batirin na rufe da robarsa kuma akwai tazara tsakaninsa da bonet. In ƙarafan sakatun ne ba ya son gani, akwai sakatu masu kwanciya daidai da fuskar bonet, irin na AeroCatch, wasu ma da makullinsu. Ya kai wa bakaniken nan dai ya sa masa.