Amsa ga 'yar uwar da fitilar hunturu ke sa wa faɗuwar gaba

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, kamar ni na rubuta. Kin ce tun da kika fara zama gaban fitilar nan ta maganin ƙuncin hunturu gabanki ke faɗuwa, zuciya na dukan uku-uku, ko ita ce sila? Tana iya sawa. Ni ma ta yi min.

A hunturuna na farko ne a Glasgow, can Scotland, watan Disamba, lokacin da magariba ke yi tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba. Na sayi fitila mai lux 10,000, lux ɗin ma'aunin ƙarfin haske ne. Wata da muke aiki tare ta ce in riƙa kunnawa da daddare idan na dawo, in zauna awa guda cur, wai ya fi saurin aiki. Na bi maganarta. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, sai ga ni zaune a ƙasan kicin na jingina da firij, hannuna na rawa har kofin ruwa ya gagare ni riƙewa. Kai na sarawa, idanu kamar an watsa yashi. Na ɗauka tafiya ce ta zo. Na rarrafa ɗakin yara ina kallonsu suna barci, ina ta salati ina kuka. Washegari da na gaya wa abokiyar aikin nan tawa, sai ta kwashe da dariya, ta ce raki ne ya yi min yawa. Ko sannu babu. Na yafe mata, amma dariyar nan har yau tana kunnena.

Likita ce ta warware min. Ta ce haske mai ƙarfi da dare yana danne melatonin, sinadarin da ke jawo barci, shi ya sa ake so a yi da safe bayan an tashi, minti 20 zuwa 30. Ni da minti 10 ta ce in fara, in ɗan matsar da fitilar nesa, kada in zura mata ido. Cikin mako guda rawar jikin ta lafa. Kofi ma na rage, don haɗa shi da fitilar ya fi tayar min da hankali.

Don Allah idan kina da ciwon nan da ake kira bipolar, mai sa yanayin mutum sauyawa tsakanin matsanancin ƙunci da matsanancin zumuɗi, ko akwai shi a danginku, ki ajiye fitilar sai kin ga likita, don tana iya tunzura shi. Haka idan kina da matsalar ido ko kina shan wani magani.

Kuma ki nemi bitamin D, mu masu baƙar fata rana ba ta isarmu a ƙasashen nan. Ki daure ki fita da azahar ko da gari ya yi gajimare. Kada ki zauna ke kaɗai da abin nan a rai, ni zaman kaɗaicin ne ya fi cina.

Da wane lokaci kike kunna taki, kuma minti nawa kike yi?