Motar Amurka da bakinta take ba da shaida

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a kan magana ɗaya: in biza ta fito za ka sayi tsohuwar mota ka fara ɗaukar fasinja, tunda shekararka takwas a gareji, gyara ba ya gagarar ka. To saurara.

A gundumomi 13 na Atlanta da kewaye, ba a sabunta maka rajistar mota sai ta ci gwajin hayaƙi, duk shekara, wa'adin kuma ranar haihuwarka. Kuɗin ba ya wuce dala 25. Abin da ya ɗaure min kai, ko na'urar auna hayaƙi ba su zura a salansa ba. Motocin nan tun daga ƙirar 1996 suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona kwamfuta, ƙwaƙwalwar motar ta zayyana komai.

Camry ƙirar 2009 na saya a hannun wani ɗan gida, sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Fitilar gargaɗin matsalar inji ba ta kama ba, na ce alhamdulillahi. Na je gwaji aka ce motar ba ta shirya ba. Ashe goge laifin da ƙwaƙwalwar motar ta adana ya yi kafin ya miƙo min makulli. In ka goge, ko ka cire kan batir kamar yadda kuke yi, har sakamakon gwajin da mota ke yi wa kanta ka share: na matatar hayaƙi, na sansan iska (na'urar auna iskar hayaƙi), na tururin fetur. Ƙirar 2001 zuwa sama, gwaji ɗaya tak da bai kammala ba ake yafe mata.

Maganin sai tuƙi. Ka bar ta ta kwana ta huce, mai tsakanin kwata da kwata uku na tanki, in ba haka ba gwajin tururin ba zai ma fara ba. Ka tayar, ka ƙyale ta ta ɗan yi aiki a tsaye, ka hau babbar hanya ka riƙe mil 55 a awa na kamar minti goma, sannan ka ɗaga ƙafa ta sauko da kanta ba birki. Ni da na taso aikin dare, ga ni da asuba ina ƙona mai ba fasinja.

Kwana na biyar fitila ta kama, lambar laifin P0420. Indomi, wato matatar hayaƙin, ta mutu. Ku a can sai ku fasa ku zazzage, har da mai saye a bakin gareji. Nan dokar tarayya ta hana, kuma motar ce za ta tona ka. Cire ƙwan fitilar ma ɓata lokaci ne, suna murɗa makulli su ga ko ya haska. Kusan kuɗin hayar wata na zuba, ni kaɗai, ban roƙi kowa ba.

In Allah Ya kawo ka, kafin mota sayi 'yar na'urar karanta ƙwaƙwalwa, ka jona a gaban mai sayarwa ko da limami ne. Mutumin da ya sayar min, har gobe muna gaisawa. Ka gaida Hajiya, kuɗin maganinta na tafe ranar Litinin.