Filin Tambaya da Amsa: Ficewar Birtaniya Daga Tarayyar Turai, Riba Ce Ko Asara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni malamar sakandare ce, ina koyar da darasin gwamnati. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da Yayana. Shi ma'aikacin jinya ne, ya tafi Ingila aiki a 2022. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce Birtaniya ta yi daidai da ta fice daga Tarayyar Turai, domin ƙasar da ake rubuta mata doka a wani birni ba ta da cikakken 'yanci, kuma da ba su fita ba da irinsa bai samu shiga ba. Ni kuwa ina ganin sun sare reshen da suke zaune a kai ne. Ga shi ɗalibaina sun fara yi mini tambayar, kuma ba na so in ba su ra'ayina a matsayin ilimi. Don Allah ka raba mana gardama. Sannan in sun yi nadama, za su iya komawa?

Daga wata malamar makaranta

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, na gode da addu'a. Maganar da kika yi cewa ba kya son ba yara ra'ayi a matsayin ilimi ita ta sa na ɗauko wasiƙarki kafin sauran.

Da asubahin Juma'a 24 ga Yuni 2016 na kunna rediyo na ji sakamakon ƙuri'ar raba gardamar da aka yi a Birtaniya. Mutum miliyan 17.4 sun ce a fita, miliyan 16.1 sun ce a zauna, wato kashi 51.9 da kashi 48.1 cikin ɗari. Ba zan ɓoye miki ba, a ranar zuciyata tana tare da Yayanki. Ina girmama duk al'ummar da ta ce ita za ta yi wa kanta doka, ko da hakan zai rage mata dukiya. Har yau ina nan a kan wannan. Abin da ya sauya a wurina daga baya shi ne da na zauna na karanta abin da aka rubuta a takardar ƙuri'ar. Tambaya ɗaya ce tak, Birtaniya ta ci gaba da zama a cikin Tarayyar ko ta fita. Ba a tambayi kowa in an fita ina za a nufa ba. Duk rikicin shekarun da suka biyo baya daga wannan giɓin ya fito, kuma a nan nake so ki tsayar da hankalin ɗalibanki.

Bari in fara ba Yayanki haƙƙinsa, don yana da shi. Gaskiya ne lokacin da suke ciki dokar Tarayyar Turai tana gaba da dokar majalisar Landan a fannonin da aka miƙa mata, kuma kotun Tarayyar da ke Luxembourg ce mai fassara ta ƙarshe. Gaskiya ne kuma a lokacin gwamnatin Birtaniya ba ta da ikon ƙayyade yawan 'yan Turai da za su shigo su zauna. Lokacin da ƙasashe goma suka shiga Tarayyar a 2004, Birtaniya na cikin uku kacal da suka buɗe ƙofar aiki nan take. Ƙiyasin da gwamnati ta dogara da shi ya ce mutum 5,000 zuwa 13,000 ne za su riƙa zuwa a shekara. Zuwa 2016, waɗanda aka haifa a Poland kaɗai sun kai wajen 900,000. Mutumin da ke ƙaramin gari, wanda masana'antarsa ta rufe tun zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, ya ga garinsu ya canja ba tare da an taɓa neman shawararsa ba. Wanda duk ya kira irin wannan mutumin jahili don ya zaɓi fita ya zalunce shi. Haka kuma baitulmalin ƙasar ya yi gargaɗin cewa da zarar an zaɓi fita tattalin arziki zai durƙushe nan da nan, ayyuka rabin miliyan su salwanta. Hakan bai faru ba. Darajar fam ce ta faɗi zuwa inda ba ta taɓa kaiwa ba tun 1985, amma durƙushewar da aka tsoratar da mutane da ita ba ta zo ba.

Maganarsa ta biyu ma tana da tushe. Daga Janairu 2021 Birtaniya ta daina fifita ɗan Turai a kan ɗan Afirka ko Asiya wurin ba da bizar aiki, asibitocinta kuma suka juya ga Indiya da Najeriya da Filifin neman ma'aikata. To amma ki lura da abin da ke cikin wannan. Da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓi fita sun yi ne don a rage baƙi. A 2015 rarar masu shigowa a kan masu fita wajen 330,000 ce. A 2023 ta haura 900,000 bisa ƙiyasin hukumar ƙididdigar ƙasar. Abin da ya zama alheri ga Yayanki shi ne ainihin alkawarin da aka karya wa maƙwabcinsa Bature. Su biyun duk suna iya cewa fita daidai ce, amma abu biyu masu karo da juna suke nufi da ita.

Wannan ya dawo da mu ga giɓin da na ambata. Fita iri-iri ce. Akwai irin zaman Norwe, wadda ba mamba ba ce amma tana cikin kasuwar bai ɗaya. Yawancin kayanta na shiga cikin sauƙi, amma tana biyan kuɗi, tana karɓar 'yan Turai, tana bin dokokin da ba ta da ƙuri'a a wurin yin su. Akwai irin na Kanada, yarjejeniyar ciniki kawai, ba ruwanka da kotunsu, amma kayanka sai an duba su a iyaka. Akwai kuma tafiya ba yarjejeniya ko ɗaya. Masu yaƙin neman fita sun tara magoya bayan duka ukun a inuwa guda, kowa yana zaton tasa za a yi. Da aka ci zaɓe sai ya bayyana babu ko ɗaya a cikinsu da ke da rinjaye, ba a majalisa ba, ba a cikin jama'a ba. Firayim Minista David Cameron, wanda ya kira ƙuri'ar, bai bar wani shiri na fita ba, ya sanar da murabus a safiyar da aka bayyana sakamako. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi.

Theresa May, wadda ta gaje shi, ta miƙa takardar fita ranar 29 ga Maris 2017 a ƙarƙashin sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar, wanda ya ba da wa'adin shekara biyu. Ki kula da wannan sashe, domin agogonsa mai fita yake matsa wa lamba, su ƙasashe 27 da suka rage ba inda za su. Yarjejeniyar da ta ƙullo majalisa ta yi watsi da ita har sau uku, na farkon da ratar ƙuri'a 230, kayen da ba a taɓa yi wa gwamnati irinsa ba a tarihin majalisar na zamani. Sai da Boris Johnson ya ci zaɓen Disamba 2019 aka fita, ranar 31 ga Janairu 2020, yarjejeniyar ciniki kuma ba a kammala ta ba sai 24 ga Disamba 2020, saura mako guda wa'adin riƙon ƙwarya na bayan fita ya cika. Kuma fa an yi lissafin bashin alkawuran da Birtaniya ta riga ta ɗauka, wanda aka ƙiyasta a lokacin tsakanin fam biliyan 35 zuwa 39. Wannan bai fito a jikin jar motar bas ɗin masu yaƙin neman fita ba, wadda aka rubuta wa cewa ana aika wa Tarayyar fam miliyan 350 kowane mako. Hukumar sa ido kan ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne tun kafin zaɓe, domin bai cire rangwamen da Thatcher ta samo a 1984 ba, balle kuɗin da ke dawowa ga manoma da yankunan da ke baya.

Abin da ya fi taɓa ni a duk labarin shi ne Ailan ta Arewa. Yanki ne na Birtaniya da ke da iyakar ƙasa ta kusan kilomita 500 da Jamhuriyar Ailan, wadda ta ci gaba da zama a Tarayyar, kuma hanyoyin tsallakawa sun haura 200. An kashe mutum kusan 3,500 a rikicin yankin kafin sulhun 1998, kuma wani ɓangare na abin da ya sa sulhun ya ɗore shi ne iyakar ta zama ba a ganin ta. Manomi na iya samun gona rabi nan rabi can. In ka fita daga kasuwar bai ɗaya dole a duba kaya a wani wuri. A kan tudu, ka taɓa sulhu. A teku, ka raba ƙasarka gida biyu. Johnson ya zaɓi teku, jam'iyyar masu son zama da Birtaniya ta fusata, gwamnatin yankin ta tsaya cik shekara biyu, daga 2022 zuwa 2024. Mutanen yankin kuwa kashi 56 cikinsu zama suka zaɓa, Sikotilan kashi 62. A lokacin yaƙin neman zaɓe wannan batu ɗan gefe aka mayar da shi, alhali rayuka ne a ciki.

Yanzu ga ɓangarenki. A 2016 kusan kashi 44 na abin da Birtaniya ke sayarwa waje Tarayyar Turai yake tafiya. Yarjejeniyar 2020 ta cire harajin kwastam, amma ta dawo da takardu. Mai sayar da nama ko kifi ko cuku sai ya nemi takardar shaidar lafiya da sa hannun jami'in da aka amince da shi a kan kowane kaya. Babban kamfani ya ɗauki ma'aikata su cike takardun, ƙaramin ɗan kasuwa ya haƙura da kasuwar. Ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar, OBR, yana ƙiyasta cewa a ƙarshe tattalin arzikin zai gaza da kashi 4 cikin ɗari a kan yadda zai kasance da an zauna. Sababbin yarjejeniyoyin da aka yi alfahari da su ba su cike gurbin ba. Ta Ostireliya, a lissafin gwamnati da kanta, kashi 0.08 za ta ƙara. Tsakanin Dover da gaɓar Faransa bai kai kilomita 40 ba, kuma ba ƙuri'ar da za ta matsar da tsibirin daga inda Allah ya ajiye shi. Sai dai ki gaya wa yara cewa kashi 4 ɗin ƙiyasi ne, kuma annobar korona da yaƙin Yukren sun faɗo a daidai lokacin, sun sa rarrabe musabbabi ya yi wuya.

To ga hukuncina tunda kin nema. A lissafin dukiya, ke ce da gaskiya. A batun iko, Yayanki yana da rabin gaskiya, domin majalisar Landan ta dawo da ikon yin dokarta, amma duk kamfanin da ke son sayarwa a Turai har yau ƙa'idar Turai yake bi, kuma yanzu babu ɗan Birtaniya a teburin da ake rubuta ta. Da suna ciki suna da kujeru 73 a majalisar Tarayyar, suna da ikon hawa kujerar na ƙi a kan haraji da harkokin waje, ba sa amfani da yuro, ba su cikin tsarin Schengen na soke binciken fasfo. Ba wata mamba da ta samu sassauci irin nasu. Ko masunta, waɗanda aka yi ta ɗaukar hotonsu a yaƙin neman zaɓe, a Mayu 2025 gwamnati ta amince jiragen Turai su ci gaba da kamun kifi a ruwanta har 2038.

Na san wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya kawo ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairu 2025. Ki ce masa kada ya yi saurin haɗa su, domin can ba ƙuri'ar jama'a aka yi ba, kuma zurfin haɗin ba ɗaya ba ne. Wannan yana buƙatar filinsa daban.

Komawa kuwa, doka ba ta hana ba. Za su nema ne a ƙarƙashin sashe na 49 kamar kowace baƙuwar ƙasa, kuma sai duka 27 sun yarda, ko ɗaya ta ƙi magana ta mutu. Sun san ɗanɗanon wannan, domin shugaban Faransa Charles de Gaulle ya tare musu ƙofa sau biyu, a 1963 da 1967, kafin su shiga a 1973. Sababbin mambobi kan ɗauki alkawarin karɓar yuro, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin dawo da tsohon rangwame. Gwamnatin Keir Starmer da ta hau a 2024 ta ce ba za ta koma kasuwar bai ɗaya ko ƙawancen kwastam ba, gyare-gyare kawai take nema a gefe, kamar yadda aka koma shirin binciken kimiyya na Horizon a farkon 2024, tun kafin ta hau.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi a aji. Kada ki raba yara gida biyu, masu fita da masu zama. Ki raba su huɗu: masu zama, masu hanyar Norwe, masu hanyar Kanada, da masu fita ba yarjejeniya. Ki ba kowane gida tambayoyi uku iri ɗaya, wa zai duba kaya a iyakar Ailan, wa zai yi aiki a asibitoci, wa zai rubuta ƙa'idar kayan da za a sayar a Faransa. Daga nan ki sa su jefa ƙuri'a sau biyu, na farko da zaɓi biyu kamar na 2016, na biyu da zaɓi huɗu, ki rubuta sakamakon duka a allo gefe da gefe. In kin yi, ki rubuto mini abin da ya fito, zan buga shi a wannan fili.

Ki gaishe mini da Yaya, Allah ya taimake shi a kan aikinsa. In kun yi waya ki tambaye shi a cikin huɗun nan wanne zai zaɓa.