Jirgin da za a nutsar da gangan

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan gwangwan ne a Tudun Wada, Gombe. Na ga bidiyo a Facebook ana jan wani ƙaton jirgin ruwa duk tsatsa a Amurka, wai nutsar da shi za a yi da gangan. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Me ya hana a yanka shi a ɗora a sikeli?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, idon sana'a ke nan, tun daga bidiyo har ka fara lissafin kilo.

Sunan jirgin SS United States, tsawonsa ya ɗan haura mita 300. A tafiyarsa ta farko a 1952 ya tsallake Tekun Atlantika cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40, kuma har yau babu jirgin fasinja irinsa da ya kamo ƙafarsa. Sai dai kasuwarsa ba ta daɗe ba. Jiragen sama suka mayar da tafiyar kwanaki ta 'yan awanni, fasinja suka watse, a 1969 aka jingine shi.

Daga nan ya zama alaƙaƙai. A 1984 aka yi gwanjon kujerunsa da kwanukansa. Daga 1996 aka ɗaure shi a birnin Filadelfiya na Amurka, kuɗin wurin ajiya kaɗai ya kai dala 850 kullum, mai wurin kuma ya ce sai an ninka. Magana ta kai kotu, a 2024 alƙali ya ce a tashi.

Masu kula da shi ba su so ya ƙare a hannun abokan sana'arka ba. Sai ƙaramar hukumar Okaloosa ta jihar Fulorida ta saye shi domin ta nutsar da shi a teku. Bidiyon da ka gani na Fabrairun 2025 ne, lokacin da aka ja shi zuwa birnin Mobile na jihar Alabama domin a kwashe ragowar mai da wayoyi da duk abin da zai gurɓata ruwa. In ya zauna a ƙasan teku, kifaye su yi gida a ciki, masu nutso su riƙa zuwa kallo, masu otal da masu kwalekwale su samu ciniki. A ganina lissafinsu ya fi na sikeli, don ƙarfe sau ɗaya ake sayar da shi.

Shawararka kuwa an bi ta a kan Aureol, jirgin kamfanin sufurin ruwa na Elder Dempster da ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikatanmu tsakanin Legas da Ingila daga 1951 zuwa 1974. A Alang ta Indiya aka yanka shi a 2001.