Kar ka yi mata fomatin tukuna

Auwalu, na saurari saƙonka. Wato Alhajin nan na Mile 12 ya kawo shago tsohuwar HP EliteBook 8460p ta ɗansa, Windows 10 ta yi nauyi, ka gwada sa mata 11 ta ƙi karɓa, shi ne kake tambaya ko ka bi ɓarauniyar hanya ka tilasta mata 11 ɗin, ko ka sa Linux, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ake sawa a madadin Windows.

To ba laifin hannunka ba ne. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan cif na tsaro a cikin kwamfuta, da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ita kuwa wannan laftof ɗin ta 2011 ce, Core i5 zubi na 2. Eh na sani Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filashi da ita, yana da wajen da za ka danna ya tsallake wannan sharaɗin, zata hau, amma da ram 4GB da tsohon hadis (hard disk) mai juyawa rarrafe zata riƙa yi, bayan sati biyu Alhaji ya dawo Computer Village yana maka faɗa a gaban mutane. Ita kuma 10 ɗin Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Don haka Linux ɗin ce shawarata, amma fa sai ka kira yaron ka tambaye shi me yake yi da ita. In CorelDRAW ne ko Photoshop ko AutoCAD, tsaya nan, basu da na Linux, kar wani ya ruɗe ka da cewa akwai dabara, dabarar ciwon kai ce. In kuwa taifin ɗin aikin makaranta ne da lilo a intanet da YouTube da Zoom, bismillah.

Linux Mint zaka sa, mai Xfce, wato samfurinta marar nauyi. Menu ɗinta yana ƙasa ta hagu inda ya saba gani, ba zai ruɗe ba, ram 2GB ma tana tashi da shi balle 4, kuma jerin Mint 22 ɗin nan da aka gina kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu 24.04 ana kula da shi har 2029. Ubuntu ta asali ta ɗan yi wa irin wannan injin nauyi. Ƙananan nan masu Atom 32-bit da ake kawo mana jefi-jefi su kuma wata ƙaramar Linux mai suna antiX ake sa musu, Mint ba zata hau ba.

Filashin da na sa wa Ventoy, manhajar da ke tayar da kwamfuta daga filashi, yana cikin durowa ta biyu, akwai Mint a ciki, kar ka ƙona datarka a banza. Soka shi, kunna, ka riƙa danna Esc sannan F9, haka HP take, Dell kuma F12. Zata tashi daga kan filashin ba tare da ta taɓa komai na cikin hadis ba, to nan ne aikin yake, kar ka yi gaggawar danna instol kamar yadda yaran layinmu suke yi. Gwada wayifai, gwada sauti, kyamara, maɓallan ƙara haske da ragewa, ka buɗe bidiyo ka bar shi minti goma ka ji ko fanka tana ihu. In wayifai bai fito ba kar ka tsorata, yawanci katin Broadcom ne, bayan ka gama instol sai ka jona wayarka da kebul ka ba ta intanet ta USB, ka shiga Driver Manager ya ɗauko direban da kansa.

Abin da nafi so ka riƙe shi ne, kar ka goge hadis ɗin yaron nan. Ka shawo kan Alhaji ya sayi SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi hadis sauri, mai inci 2.5, ko 128GB ne, in da hali ya ƙara ram DDR3 4GB tunda rami biyu gare ta. Ka cire tsohon hadis yadda yake da hotunansa da furojet ɗinsa, ka sa masa a kes na USB ka miƙa masa. In Linux bata yi masa ba a mayar da tsohon, babu abin da ya ɓata. Kastoma zai ce maka wallahi ba komai a ciki, gobe ya tuna da hotunan bikin yayarsa. Kuma gaskiya yawancin saurin da zai gani daga SSD ɗin ne, Linux a kan gajiyayyen hadis kamar sabon fenti ne a jikin danfon da injinta ya mutu. Tunda ka buɗe ta, ka busa ƙurar fanka ka canza man furosesa.

Wajen instol batirinta na san ya mutu, ka jona ta a inbata, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa sai ka sake daga farko. Da ta tambaye ka kibod kalli inda alamar @ take, in tana kan lamba 2 na Amurka ne, in tana kusa da Enter na Ingila ne, tokumbo da yawa haka suke, in ka zaɓi ba daidai ba yaron zai kasa rubuta imel ɗinsa ya ce ka lalata masa kwamfuta. Ka yi tik a wajen kodek na bidiyo, lokaci ka zaɓi Lagos. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin CMOS ne mai riƙe agogon kwamfuta, canza shi, in ba haka ba ofdet zai riƙa ƙin sauka kana ta zargin netwok.

Ta gama, ka buɗe Update Manager ya sauke komai, ka kunna Timeshift mai ajiye kwafin tsarin don a iya mayar da shi in ya lalace, ka sa masa Chrome in ya saba da shi, ka ƙara masa kibod ɗin Hausa na Najeriya don ƙ da ɗ da ɓ. Ka zaunar da shi ka nuna masa LibreOffice, madadin Microsoft Office, yana buɗe fayil ɗin Word yana kuma ajiyewa, sai dai wani lokacin tsarin shafi yakan ɗan goce, don haka in zai je firintin a Agege ya mayar da shi PDF tun daga gida. Faswod ɗin kuma shi zai sa da hannunsa, ka gaya masa in zai yi instol ɗin manhaja zata riƙa neman shi.

Kuɗi, na kaya da na aikin hannu kawai zaka faɗa wa Alhaji. Linux kyauta ce tun da Linus Torvalds ya fito da ita a 1991, bana son na ji an ce a shagona an karɓi kuɗin lasin. Ka fara gwajin filashin yanzu, in wani abu ya ƙi ka ɗauki hoton sikirin ka turo min kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.