Tambaya da Amsa: Zan Sauka Gidan Kawuna a Alƙahira Kafin Fara Karatun Larabci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin koyon Larabci a wata cibiya a Alƙahira, za a fara a watan Janairu. Kawuna yana zaune da iyalinsa a Madinatu Nasr, ya ce in zo mako biyu kafin lokacin in sauka wurinsa. Ban taɓa fita waje ba. Me ya kamata in yi a kwanakin nan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a je a sa'a. Kada ka ɗauki makonnin nan a matsayin hutu. Su ne kaɗai lokacin da kake da ɗan jagora kyauta kuma babu aji a kanka, don haka takardu ne farko, yawon ganin dalar Giza daga baya.

Wani aikin ma tun daga gida yake. Takardun makarantarka a buga musu hatimi a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Masar. Wanda ya manta da wannan sai ya aiko da su gida ya zauna jira. Katin rigakafin shawara ya kasance a aljihu tare da fasfo, ba cikin akwatin da aka auna ba, domin kafin ka kai ga kayanka za a iya tambayarsa. Ka riƙe hotunan fasfo kamar goma sha biyu da kwafin shafin fasfo da na biza guda biyar-biyar. Magani kuwa a yi hattara: tiramadol da makamantansa laifi ne babba a Masar, an ɗaure baƙi a kansu. Duk wanda ya ba ka ƙullin saƙo a filin jirgi, ko ɗan unguwarku ne, ka buɗe a gabansa ko ka ba shi haƙuri.

Washegarin sauka, ka nuna wa kawu hatimin shiga da aka buga maka a fasfo, ku ƙirga kwanakin da aka ba ka. Dokar ƙasar ta tanadi 'yan wasu ƙasashe su yi rajista cikin kwana 7. Mai sauka a otal, otal ke yi masa. Mai sauka a gidan dangi shi ne da kansa, kuma nan ne mutane ke faɗawa tara ba su sani ba. Babban ofishin fasfo da iƙama (izinin zama) yana unguwar Abbasiyya tun 2019, bayan an ɗauke shi daga ginin Mujamma'a na dandalin Tahrir. Ku je da sassafe cikin makon farko ku ji matsayinka. Ka tuna Juma'a da Asabar ne hutunsu, Lahadi ranar aiki ce. Kuɗi ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi, ka adana rasit, don ana neman sa wajen biyan kuɗin iƙama. Layin waya da fasfonka za ka saya, a shagon Vodafone, Orange ko WE, da sunanka, ba aron na ɗan kawu ba. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta.

Sai hanya. Ka sa a raka ka cibiyar sau ɗaya, na biyu ka je kai kaɗai da safe, daidai lokacin da za ka riƙa fita, saboda cunkoson Alƙahira na ƙarfe takwas ba irin na bayan la'asar ba ne. A ƙananan bas ana miƙa kuɗi hannu-hannu daga baya har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "ala gamb". A jirgin ƙasa na metro akwai taragun mata zalla a tsakiya. Dubi alamar kafin ka faɗa.

Abin da zai fi girgiza ka shi ne Larabcin titi. Ka haddace Ajurrumiyya, amma mai shago zai yi magana ka rasa ta cewa. Jimun suna furta shi ga, ƙafun kuma ya koma hamza: jamil ya zama gamil, ƙahwa ta zama ahwa. "Bikam" shi ne nawa, "ayiz" ina so. Wannan ba gazawarka ba ce, kuma a aji fusha, wato Larabcin littafi, za a koya maka. Sai dai akwai haɗari a gidan kawu: tuwo, Hausa, hira da 'yan gida har dare, mako biyu su wuce kunnenka bai ji komai ba. Ka karɓi aiken gidan. Kai za ka sayo aish baladi (gurasarsu) da safe, da ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (ƙosansu), ka yi ciniki da bakinka ko da za a yi maka dariya.

Yawancin cibiyoyi suna farawa da jarrabawar tantance mataki. Kada ka kwana kana haddar nahawu don a kai ka aji na sama. Ɗalibanmu sukan yi ƙarfi a ƙa'ida da karatu, su yi rauni a ji da magana. In aka ɗora ka inda malami ke gudu, wata uku za ka yi kana gyaɗa kai.

Janairu tsakiyar sanyi ne, kuma ɗakunan tayil ne marasa abin ɗumama ɗaki, cikin gida ya kan fi waje sanyi. Rigar hunturun Zariya ba za ta isa ba. Ka sayi mai kauri da bargo a can.

Maganar zama kuma, ku yi ta tun kwanakin farko, cikin ladabi: bayan an fara karatu za ka ci gaba da zama ne ko za ka koma ɗakin ɗalibai? Gidajen can benaye ne masu ɗaki biyu ko uku, haya da tsada, kuma kawu ba zai iya buɗe baki ya ce ka tashi ba. Tsarabar matar gidan kuwa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji sun fi atamfa daraja a wurinta. Ka ɗaure kowanne a leda mai haske, a rubuta sunansa a jiki, domin garin da ba a san ko mene ne ba shi ke sa jami'an kwastan su zazzage akwati gaba ɗaya.